Ranar Haihuwar Baba Nomau

Yaron da ya zo yin katin ɗan ƙasa
ya kafa tebur a gindin ɗorawa,
ya ce, "Baba, wace shekara aka haife ka?"
Baba Nomau ya jingine sanda,
ya dubi gabas, inda kogi ke kwance
kamar bai taɓa yin laifi ba.

Ya ce: Rubuta, shekarar fara.
Ina goye a bayan Tabawa, in ji ta,
rana ta faɗi da hantsi,
kaji suka nufi akurki, sun zaci magariba ce.
Kafin a fito da gwangwanayen kora
gero ya koma tsinke,
har ganyen ɗorawar nan da ka fake.
Muka rama, muka soye su da gishiri.
Sun ci gonarmu, mun ci su,
amma su suka ƙoshi.

"Baba, lamba nake nema."

To, haɗa da wannan.
An yi mini kaciya shekarar da sama ta kame baki.
Sau uku muna fita roƙon ruwa, riguna a juye,
hadari ya taso, ya yi mana gwalo, ya yi arewa.
Rijiyar yamma ta koma ba da laka,
aka tone gidan tururuwa,
ana rabon tsaba da ludayi.
Ƙanena Jatau, wanda ya fi ni baki,
shi bai ga kaka ba.
Kar ka rubuta wannan. Faɗa kawai na yi.

Na yi aure shekarar ƙanƙara,
kowace ɗaya ta kai ƙwan zabuwa.
Ta kashe awaki bakwai a garken Cindo,
ta fasa tukwanen biki tun ba a ɗora ba.
Iskar da ta biyo ta ta cire jinkar Barau
ta ɗora wa kukar maƙabarta.
Wata guda tana can kamar malafa,
yara in za su wuce sai sun gaishe ta.

Sai ruwa.
Shi kam ba ya ƙirguwa da shekara ɗaya.
Na farko ya yi sallama, ya tsaya a bakin zaure.
Na biyu ya shigo bayan isha'i,
ba hadari, ba tsawa, taurari ma a waje.
Katanga ta durƙusa kamar raƙumi,
rumbuna suka bi juna a jere,
tabarmar sallata ta riga ni barin gari.
Kwana goma sha tara muna tudun firamare,
Yalwa ta haihu a aji uku, ƙarƙashin allo,
aka sa wa jaririn Anaruwa.
Shi ne mai babur ɗin da ya ɗauko ka daga Auyo.

In ka gama, leƙa kangon tsohon masallaci,
akwai zane uku na ƙusa a bango.
Ɗaya iya gwiwa. Ɗaya iya ƙirji.
Na ukun daga cikin kwalekwale ladan ya ja shi.
Sau biyu garin nan yana tashi da kayansa.
Nan da kake zaune gonar gyaɗa ce.
Inda aka binne cibiyata
kacala ta cinye, jan-baki ke kwana.

Yaro ya share gumi,
ya danna abin da ya danna wa Cindo da Barau:
ɗaya ga Janairu.
Baba Nomau ya yi dariya har da tari,
ya ce: Ashe duk tsofaffin garin nan tagwaye ne!
Ba laifi, dama uwa ɗaya ta raine mu,
mai ba da nono da hannun dama
ta yi duka da hagu.

Ya ɗauki sanda, ya sake duban gabas.
Ya ce: Ɗana, naɗe wayoyinka.
Tun asuba tururuwa ke kwashe ƙwai
suna hawa tudu.